Labarin Kwalbatin da Ya Bi Ta Hannun Manya

Mujallarmu ba babba ba ce. Wata ƙungiya ce ta 'yan asalin yankinmu ta kafa ta, mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura waɗanda aiki ya taɓa kai su birni, suka dawo gida da sha'awar ganin sunayensu a rubuce. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne edita tun ranar farko. Ya yi aikin ofis a masarauta har ya yi ritaya, ya kuma fito da hali guda: takarda ba ta barin hannunsa sai ya ja mata layi da jan biro, ko da katin ɗaurin aure ne. Ni kuwa malamin sakandare ne, ina koyar da Hausa, kuma ina da babur. Babur ɗin ne ya sa aka naɗa ni wakilin mujalla. Hausar ba wanda ya tambaye ni ita.

A da, da hannu nake rubuta labari. In kai shagon buga takardu na kusa da tasha, a buga, in kai wa Kawu ya yi masa ja-ja, in koma shago a gyara, sannan a tara a kai maɗaba'a Kano. Akwai wahala, amma labari yana fita.

Wata shekara, a taron ƙungiya, wani ya miƙe ya ce duniya ta wuce takarda, kowace jarida ta koma intanet, mu kaɗai aka bari a baya. Ba abin da dattawanmu suka ƙi ji kamar a ce an bar su a baya. Nan take aka amince. Aka gayyato wata injiniya daga Kano, mace mai kimanin shekaruna, mai magana kai tsaye, ta zo da kwamfutarta zauren Kawu don ta nuna mana manhajar da jaridu ke amfani da ita.

Abin ya burge ni ƙwarai. Wakili zai buɗe manhajar a wayarsa, ya rubuta kan labari a akwati ɗaya, labarin a akwati na biyu, ya ɗora hoto, ya danna. Nan da nan labarin ya isa wayar edita. Edita ya gyara, ya danna wani koren maɓalli, shi ke nan duniya ta gani. Babu shago, babu Kano. Na dubi babur ɗina ta ƙofar zaure, na ce a raina, ka kusa hutawa.

Sai injiniya ta yi tambayar da ta ɓata komai.

"Wa zai riƙa amincewa da labari kafin ya fita? Manhaja tana buƙatar a sa mata suna."

Kawu ya gyara zama, don a ganinsa tambayar ba ta buƙatar amsa. Amma a gefensa akwai uban ƙungiya, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi daga Babura, wanda shi ya ɗauki nauyin gayyato injiniyar. Akwai Hajiya, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda ke jagorantar matan ƙungiya. Akwai kuma Baffa, Bafulatani daga Roni, tsohon jami'in lafiyar dabbobi, wanda ya girmi kowa a wurin da 'yan shekaru kuma ba ya bari a manta da haka.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Yarinya, mutum nawa na'urar ke ɗauka?"

"Ranka ya daɗe, yawanci ɗaya ake sawa. Manyan jaridu sukan sa biyu."

"Ban tambaye ki yawanci ba. Nawa take ɗauka?"

"Za ta ɗauki ko nawa ne. Sai dai labari zai riƙa bi ta hannunsu ɗaya bayan ɗaya. In na farko bai danna ba, na biyu ba zai ma gan shi ba."

"To ai haka tsari yake," in ji Kawu, fuskarsa ta washe. "Haka muke yi a ofis."

Injiniya ta yi ƙoƙarin ta fahimtar da su. Ta ce manhaja ba ta san girma ba, aiki kawai ta sani. Kawu ya ce to a koya mata. Kafin la'asar an gama rabo: labari zai fara zuwa wurin Kawu, daga nan Hajiya, daga nan Baffa, sannan Alhaji ya danna na ƙarshe. Aka ba kowa lambar sirrinsa. Hajiya ta rubuta tata a bayan wayarta. Aka yi addu'a, aka shafa, aka yi wa juna murna kamar an yi naɗi. Har wani ya fara kiran Alhaji da Sarkin Dannawa, shi kuma bai hana ba.

Da injiniya za ta shiga mota ta dube ni ta ce, "Malam, kada ka sayar da babur ɗinka."

Watannin farko ba a ga illar tsarin sosai ba, don yawancin abin da muke bugawa ba ya lalacewa da jira: tarihin garuruwa, nasiha ga matasa, hotunan walima. Sanarwar auren 'yar wani mamba ce kawai ta ɗan jima a hanya, ta fito ana shirin suna. Iyayen suka ce ba komai, albarka ce.

Ana tsakiyar marka sai wani abokina, malamin firamare a wani ƙauye da ke bayan Gwiwa, ya kira ni. Ya ce ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyarsu ta zuwa kasuwa, wanda ɗan kwangila ya gama bara-baran nan. Ya ce in zo in gani da idona.

Na je ranar kasuwa. Hanyar burji ce, ta ratsa gonakin gero da suka kai kafaɗa, sai ta tsaya cak a bakin wata ƙorama. Kwalbatin ya rabe biyu, rabi ya kwanta a cikin ruwa, rabi yana tsaye ƙarafa sun fito masa kamar haƙarƙari. Mata masu ƙwaryar nono sun naɗe zannuwa suna ratsawa a hankali. Wata mota ɗauke da taki ta juya ta koma. An ce mini a makon da ya wuce a kan amalanken shanu aka zagaya da wata mai naƙuda ta wata doguwar hanya, Allah ya sa ta isa asibiti lafiya. Masu babura kuwa, sai ƙarti sun taru sun ɗaga babur a kafaɗa sun haye da shi, mai shi yana biye da takalmansa a hannu. Na ɗauki hoton wannan: ƙarti cikin ruwa har ƙugu, babur a sama kamar ango, ɓaraguzan kwalbati a bayansu.

A ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa na zauna na rubuta labarin a wayata. Na sa masa kai: "Kwalbatin da aka gama bara ya karye, ƙauye ya yanke daga kasuwa." Na faɗi abin da na gani, na sa maganar mai unguwa da ta abokina, na ambaci cewa mutane suna zargin ɗan kwangila da rage siminti. Na ɗora hoton, na hau wani tudu na samu sabis, na danna. Mai unguwa ya tambaye ni yaushe zai fito. Na ce masa da yardar Allah kafin ya yi sallar isha'i.

Ban taɓa jin kaina ɗan jarida ba kamar ranar.

Manhajar tana nuna wa wakili inda labarinsa ya tsaya, da abin da aka canza a ciki. Washegari na duba, yana wurin Kawu. Na sake dubawa bayan kwana biyu, yana nan. Na je gida na same shi a zaure yana sauraron rediyo.

"Kawu, ina wuni. Ko ka ga labarin kwalbati?"

"Na gani."

"To, Kawu, ai dannawa ta rage."

"Kai yanzu sai ka aiko mini da aiki ta waya, kamar wani sa'anka? Ba za ka zo ka ce, Kawu, ga abin da na aiko ba?"

Na ce ai amfanin manhajar ke nan, ba sai an zo ba. Ya ce amfaninta ga yara ke nan. Ya sa tabarau, ya buɗe labarin, ya fara karantawa yana girgiza kai. Babban abin da ya dame shi da sabon tsarin shi ne rashin jan biro, don haka yakan riƙe biron a hannun hagu yana gyara da yatsan dama.

"Ya karye," ya karanta. "Wannan kalma ta yi nauyi. Kai injiniya ne da za ka ce ya karye?"

"Kawu, rabinsa yana cikin ruwa."

"To ya samu matsala ke nan. Kuma ƙauye bai yanke ba, tunda ga shi kai ka je ka dawo."

Kan labarin ya koma: "Kwalbati ya samu 'yar matsala, jama'a na fuskantar ɗan jinkiri." Ya danna koren maɓallin da ƙarfi kamar mai buga hatimi. Sannan ya ce in gaida mahaifiyata, in kuma gaya mata ya ji ta yi dambu ba ta aiko masa ba.

Da na fahimci yadda abin yake, ban jira Hajiya ta yi fushi ba. Na je gidanta da kaina, na durƙusa na gaishe ta. Ta koyar da yayyena mata duka, har gobe in ta kalle ni sai in ji kamar ban yanke farce ba. Ta karanta labarin a tsanake, ta gyara mini waƙafi a wurare da dama, ta ce abin kunya ne malamin Hausa ya riƙa haɗe kalmomin da ya kamata a raba. A nan tana da gaskiya. Sai ta iso wurin ɗan kwangila, ta ajiye wayar a cinya.

"Ka san wane ne ya yi aikin nan?"

"An faɗa mini sunansa, Hajiya, amma ban sa ba."

"Matarsa ɗalibata ce. Yarinya mai natsuwa, ita ce ke riƙe mini aji in na fita. Ka sa suna ko ba ka sa ba, kowa ya san mijin wa ake nufi. Kana so ta shiga taron biki a riƙa nuna ta da baki?"

"Hajiya, simintin ne..."

"Ka auna simintin?"

Ban auna ba. Ta share sakin layin gaba ɗaya. A madadinsa ta rubuta cewa ruwan bana ya yi yawa, kuma duk abin da ɗan Adam ya gina yana da iyaka. Labarin mai naƙuda ma ta cire, ta ce ba tarbiyya ba ce namiji ya riƙa rubuta naƙudar matar wani. Ta danna, ta ba ni kunun gyaɗa a kofi.

Daga nan labarin ya tafi Roni, ya kwanta. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Na kira Baffa, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Abokina na ƙauye kuwa kullum sai ya kira ni, har na fara ganin sunansa ina juya wayar ta kifa. A ƙarshe na cika tanki na kama hanyar Roni.

Na sami Baffa a bayan gida, tsakanin duwatsun nan na garinsu, yana duba kofaton wata saniya. Ya amsa gaisuwata a gajarce, bai ɗago ba. Da na ambaci labari sai ya saki ƙafar saniyar ya miƙe.

"Ɗana, ina da tambaya. Wa ya tsara a ce ni ne na uku?"

"Baffa, ai a gabanka aka tsara."

"A gabana aka yi, amma ban gane ba sai daga baya. Na zaci na uku ya fi na biyu. Sai jikata ta ce mini wai sai Hajiya ta gama sannan a miƙo mini saura. Ni da na fara aikin gwamnati tana 'yar firamare!"

Na yi ta maza na ce masa a wannan tsari, wanda ya fi girma shi ke zuwa daga baya, don ya duba aikin na ƙasa da shi. Ya fara lissafi da yatsu.

"To in haka ne, Alhaji ya fi ni ke nan."

Na ga na fita daga rami na faɗa wani. Na ce Alhaji ai dannawa kawai yake yi, kamar mai rufe ƙofa bayan manya sun gama shawara. Wannan ta yi masa daɗi. Ya sa aka kawo mini fura da nono mai kauri, irin wadda ba a samu a Kazaure, muka hau kan wani dutse inda sabis ke kamawa, ya ba ni wayar ya ce in karanta masa.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce akwai haɗari a labarin. Duk abin da ya lalace a hanyar ƙauye, in ba a faɗi wanda ya lalata shi ba, gobe za a ce shanu ne. Ya ga irin haka sau ba adadi a zamanin aikinsa. Tunda Hajiya ta cire ɗan kwangila, saura shanu. Ya sa na rubuta cewa makiyaya suna bin hanyar lafiya lau, ba su da wani ƙorafi, kuma dabbobi suna ratsa wurin cikin kwanciyar hankali. Wannan gaskiya ne, don saniya ba ta taɓa buƙatar kwalbati ba. Ya ƙara da sakin layi biyu kan muhimmancin rigakafin ciwon huhu kafin kaka. Sannan ya karɓi wayar ya danna da kansa, ya ce in shaida wa Alhaji manya sun gama, yana iya rufe ƙofa.

Ban isar da saƙon ba.

Kafin in samu ranar zuwa Babura, abokina ya kira ni, muryarsa babu fushi babu murna. Ya ce in daina wahalar da kaina. Mutanen ƙauye sun gaji da jira sun yi gayya: sun kwaso duwatsu a amalanke, sun cika buhuna da yashi, sun sare itatuwa sun shimfiɗa. Babur yana wucewa yanzu, ƙaramar mota ma tana lallaɓawa. Ya ce mai unguwa yana gaishe ni, yana kuma tambaya ko isha'in ta yi.

Duk da haka na tafi Babura, don labarin da ya rage mataki ɗaya ba a barinsa. Na tarar da Alhaji a rumfarsa ta kasuwar hatsi, buhunan gero da wake jibge a bayansa, waya biyu a gabansa, yana ciniki da wasu mutanen Nijar rabi da naira rabi da sefa. Na zauna a benci har ya sallame su. Na gaya masa abin da ya kawo ni, na kuma gaya masa cewa mutanen ƙauye sun riga sun gyara wurin da kansu.

"Alhamdu lillahi!" in ji shi. "Ka ga amfanin jarida ke nan."

"Ranka ya daɗe, ai labarin bai fita ba."

"Amma ka je, ko? Sun gan ka da waya kana ɗaukar hoto. Sun san ƙungiya ta san da maganar. Shi ya ƙarfafa musu gwiwa."

Ya buɗe manhajar. A Babura sabis yakan yi wasa, wani lokaci wayar ta kama na tsallaken iyaka, don haka rubutun ya fito amma wurin hoton ya tsaya fari fat. Alhaji ya karanta kan labarin da Kawu ya sa, ya ce ya yi sanyi, ba ya ɗaga sunan yanki. Masu zuba jari suna karanta irin waɗannan abubuwa, in ji shi, ba ya so a ce hanyoyinmu ba su da kyau. Ya goge, ya rubuta da babban yatsansa: "Ƙungiya ta yaba da ingancin hanyoyin karkara, zirga-zirga na tafiya lami lafiya."

"Ranka ya daɗe, akwai hoto a ciki. Ya kamata a duba shi, don..."

"Hoto ai ado ne. Akwai mutane a ciki?"

"Akwai."

"Suna zirga-zirga?"

Na yi tunani. "Suna yi, ranka ya daɗe, amma..."

"To shi ke nan." Ya yi bisimilla ya danna. Wani mai awo da ke gefe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Dannawa." Alhaji ya sa aka ɗaura mini ɗan buhun wake a bayan babur.

Sai a hanya na gane cewa duk cikinsu ba wanda ya ga hoton. Kawu ya kashe hotuna a wayarsa don kada su cinye masa data. Hajiya rubutu take dubawa, ba ta gangara ƙasa ba. Baffa ni na karanta masa.

Kafin in iso Kazaure wayata ta fara ruri a aljihu. Na tsaya a gefen titi na buɗe shafinmu. Ga kan labari da manyan baƙaƙe yana yabon ingancin hanyoyin karkara. A ƙarƙashinsa ga ƙarti cikin ruwa har ƙugu, babur a kafaɗa, mai babur yana biye da takalma a hannu, kwalbati ya wage baki a baya. A ƙasa kuma ga sunana.

Mujallarmu ba ta taɓa samun masu karatu kamar ranar ba. Aka yi ta tura labarin daga waya zuwa waya. Ɗalibaina suka riƙa gaishe ni da "Malam, lami lafiya?" Wani tsohon abokin karatuna da ke aikin jarida a Kaduna ya kira ni ya ce bai san na iya habaici haka ba, wannan shi ne rubutu mafi kaifi da ya gani a shekarar. Na ce masa aikin haɗin gwiwa ne. Masu babura a tashar Gwiwa kuwa, in fasinja ya tambayi yadda hanya take, sai su ce, "Ƙungiya ta yaba."

Aka kira taron gaggawa a zauren Kawu. Na zauna a bakin ƙofa kusa da takalma, ina jiran hukunci. Alhaji ya ce an ci mutuncin ƙungiya. Hajiya ta ce ɗalibarta ta kira ta tana kuka, don a hoton ana ganin ƙarafan kwalbatin sirara kamar tsinken tsire. Baffa ya ce shi dai sashen shanu daidai yake. Kawu ya juyo gare ni.

"Wa ya sa hoton nan?"

"Ni ne, Kawu. Tun ranar farko yana ciki."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Na dubi Alhaji. Alhaji ya dubi silin. Na ce na yi ƙoƙari.

Aka kira injiniya a waya, aka sa ta a lasifika. Kawu ya ce mata manhajarta ta yi mana ɓarna. Ta ce manhaja ta fitar da abin da mutum huɗu suka amince da shi ne, kuma in suna so a cire labarin, dannawa ɗaya ce. Sai gardama ta tashi kan wa ya cancanta ya yi dannawar cirewa, tunda ba a taɓa naɗa kowa a wannan matsayi ba. Ba a cimma matsaya ba, don haka labarin yana nan har yau. Ta ba da shawara a rage matakan su koma ɗaya. Aka yi mata godiya aka kashe wayar.

Bayan doguwar shawara dattawa suka gano inda matsalar take: babu mai kula da hotuna. Aka yanke a ƙara mataki na biyar. Da aka duba wanda ya dace, sai aka tuna da wani dattijo, tsohon malamin gona ɗan asalin Gwiwa, wanda ke zaune a gidan ɗansa a Kazaure. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiya, kuma an daɗe ana jin nauyin cewa ba a ba shi komai ba a rabon farko. Wani ya yi ƙarfin hali ya ce ai Baba yana da yana a idanunsa biyu, ko fuskar mutum ba ya ganewa sai ya ji murya. Kawu ya ce wannan ba dalili ba ne na hana dattijo haƙƙinsa. Aka yi addu'a, aka shafa.

Ni aka ɗora wa kai masa aiki. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in je in same shi a kan tabarma a inuwar darbejiya, in buɗe manhaja a wayarsa, in ce, "Baba, ga hoto."

"To, faɗa mini abin da ke ciki."

Sai in faɗa. Ranar farko hoton wasu manoma ne suna yankan gero a wani ƙauye kusa da 'Yankwashi. Na ce mutum uku ne a gona, ɗaya dogo mai jar hula.

"Gonar tana gangare ko a tudu?"

"A gangare, Baba. Akwai tsamiya biyu a bayansu."

"Tsamiya biyu a gangare," ya maimaita. Sai ya yi dariya. Ya ce ya san gonar. Ya taɓa kai wa kakan masu ita sabon irin gero a kan keke, tsohon ya karɓa da godiya, ya sa aka yi masa fura da shi a daren, ya shuka nasa na gado. Ya ba ni labarin tsohon, da rigimarsa da wani maƙwabci kan iyakar gona, da yadda aka sasanta su da auren 'ya'yansu. La'asar ta yi muna kan hoto na farko.

"Zangarniyar ta cika?" ya tambaya daga ƙarshe.

Na ƙara girman hoton da yatsu biyu na duba. "Ta cika, Baba."

"To madalla. Kama yatsana ka ɗora a wurin."

Na kama yatsansa na ɗora a kan koren maɓallin, ya danna. Sannan ya ce in zuba mana shayi, sauran hotunan sa jira mako mai zuwa.